Littafin da Ba Mu Biya Ba

Jerin ya iso ne ta WhatsApp, hoton wata takarda da wani ɗan aji biyu ya ɗauka a allon sanarwa, har gefen yatsansa ya fito a ciki. Abubuwan da ake so ɗalibin kimiyya na aji ɗaya ya tanada ne: farar rigar shiga lab, kalkuleta, littafin giraf, manuwal na furaktikal ɗin kemistiri da fiziks da bayoloji, akwatin kayan fiɗa. Can ƙasa kuma sai sunayen manyan littattafai. Autarmu ce ta samu gurbin karatu, kuma ita ce mace ta farko a gidanmu da za ta taka jami'a. Muna zaune a tsakar gida a Dutsen Abba bayan isha'i, mu yayyenta da Baba, wanda ya riga ya fitar da buhunan masara kasuwa saboda kuɗin rajista. Aka karanta masa jerin daga sama har ƙasa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To a cikinsu wanne ne farilla, wanne ne nafila?"

Muka ce riga da kalkuleta da manuwal farilla ne. Littattafan kuwa ya bar mana. Muka karɓi wayar Auta, kafin shayi ya huce mun sauke mata su gaba ɗaya, shafi sama da dubu uku, ba mu kashe komai ba sai ɗan data. Muka miƙa mata muna jin kanmu. Ta duba, ta shafa shafukan da yatsa, ta ɗago.

"Yaya, wa muka biya?"

Muka ce ba a biya, haka kowa yake yi.

"To ba haƙƙin wani ba ne?"

Muka yi dariya, muka ce Islamiyya ta yi mata yawa. Ita ma ta yi dariya. Amma a daren nan ba a ba ta amsa ba, kuma mun san ba a ba ta ba.

Ya kamata a ce mu ne muka fi kowa shirin wannan tambaya, domin sana'armu rubuta manhaja ce. Mun san yadda kwafi yake daga ciki: jerin sifili da ɗaya ne ake maimaitawa, na farkon yana nan inda yake, ko ƙwarzane bai samu ba. Mun kuma ɗanɗana ɗaya ɓangaren. Akwai manhajar lissafin shago da muka shafe watanni muna rubutawa, muka sayar wa mutum ɗaya, bayan shekara muka tarar da ita a shaguna da dama ba wanda ya ko gaishe mu. Ranar mun kira abin da sunansa ba tare da wani dogon nazari ba. Mun ce sata ce. Sai ga shi a tsakar gidanmu, da abin ya juyo ta inda muke amfana, mun sa masa suna taimako.

Hujjar farko da ta zo mana ita ce wadda kowane mai kwamfuta ya haddace. Wanda ya saci akuya ya raba mai ita da ita. Da safe turke zai wayi gari babu komai. Wanda ya kwafi littafi bai rage wa marubucin ko harafi ba. Abin ya fi kama da ɗibar wuta. Da muna yara ana aiken mu maƙwabta da murfin kwano mu ɗebo garwashi, wutarsu ba ta mutu don mun ɗiba ba, tamu kuma ta kama. Wace mace ce za ta ce a biya ta kuɗin garwashi? Hujja ce mai daɗi, mun daɗe muna jingina da ita. Sai dai in aka tuna abin sosai, ba mu taɓa shiga gidan mutane mu wuce murhu kai tsaye ba. Sallama ake yi, a ce wai in ji Inna a sammana wuta. Kuma itacen da ya zama garwashin nan wani ne ya saro shi ko ya saya. Ana bayarwa ne domin gobe ita ma za ta aiko ɗanta gidanmu. Tsakaninmu da wanda ya rubuta littafin fiziks a Amurka babu sallama, babu kuma ranar da zai aiko ɗansa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin daga tarihinmu ta fito. Ƙasar nan da kwafi ta yi ilimi. A zaurukan malaman birnin Zazzau, da na Kano da Katsina da Sakkwato, ɗalibi yakan ari littafin malaminsa ya zauna da alƙalami da tawada ya juye shi kaf da hannunsa. Da haka rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka bazu, da haka waƙoƙin Nana Asma'u suka kai ga matan ƙauye. Ba wanda ya aika wa mawallafi ko wuri ɗaya. Hasali ma ɓoye ilimi shi ne abin zargi, malamai sun yi ta gargaɗi a kansa. Wanda ya tashi a cikin wannan al'ada, in aka ce masa ilimi yana da mai shi har ana kulle shi sai an biya, sai ya ji abin bambaraƙwai.

Amma idan muka buɗe tsoffin kwafen nan muka duba shafin ƙarshe, za mu ga mai kwafin ya rubuta sunansa, sau da yawa da sunan wanda ya yi wa aikin, ya yi wa mawallafi addu'a, ya roƙi mai karatu ya yafe masa kurakurai. Akwai biya ke nan, ko da ba na kuɗi ba. Ana ambaton mai littafi, ana yi masa addu'a, ɗalibi yana yi wa malaminsa hidima a gona da gida. Sannan kwafin kansa wahala ce ta watanni, kuma wanda ya juye littafi da hannunsa ya riga ya karanta shi kalma-kalma. Mu kuwa a minti goma muka zuba wa Auta shafi dubu uku. Ko sunayen marubutan ba mu tsaya karantawa ba.

Wani abin da ya canza shi ne injin ɗab'i, kuma mutanen Zariya ba sa buƙatar a ba su labarinsa daga nesa. A Tudun Wada aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, bayan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. A garin nan Abubakar Imam da Rupert East suka yi aikin Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin kimiyyar halitta da Hausa. Daga ranar da littafi ya zama abin da ake bugawa dubu-dubu, sai ya zama akwai takarda da za a saya, da mai jera haruffa da zai karɓi albashi, da mai gyara, da mai zanen hotuna, da mai mota. Littafin kimiyya na jami'a ya fi kowanne cin wannan aiki. Kowane lissafin gwaji da ke ƙarshen babi wani ne ya zauna ya warware shi ya tabbatar amsar daidai take. Turawa sun fara yi wa abin doka a Ingila tun 1710, inda aka ba marubuci shekara 14 yana cin moriyar sabon littafinsa. Malaman Musulunci na zamani su ma sun zauna a kai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Akwai malaman da suka saɓa wa wannan, musamman a kan littattafan addini, amma ra'ayin majalisar shi ne ya fi rinjaye. Nijeriya kuma ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka, aka sa mata hannu a Maris 2023.

Ke nan Auta tana da gaskiya, akwai haƙƙi. Abin da ya rage shi ne a san ko akwai uzuri.

A nan sai an yi lissafi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Littafin da ake sayarwa dala 100, kuma sababbin manyan littattafan kimiyya na Amurka sukan wuce haka, ya tashi daga naira 46,000 ya koma 150,000 alhali ko shafi ɗaya ba a ƙara masa ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Asusun bashin ɗalibai na NELFUND, ga wanda ya samu, naira 20,000 yake bayarwa a wata don ɗawainiya. Wato littafi ɗaya ya cinye albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, ko kuɗin ɗawainiyar ɗalibi na wata bakwai da rabi, kuma jerin Auta ba littafi ɗaya ne a cikinsa ba. Manomin masara a Dutsen Abba ba ya cikin mutanen da aka yi tunani lokacin da ake yanka wannan farashi. Ko mun sauke ko ba mu sauke ba, kamfanin ba zai taɓa ganin kwabon Baba ba, domin babu kwabon.

Ba kullum haka abin yake ba. Malamanmu da suka yi karatu a Samaru a shekarun 1970 suna ba da labarin littattafan ELBS, wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa tun daga 1960, inda ake buga littattafan jami'a da rahusa don ƙasashe irin namu. Har yau in ka shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ko ka tsuguna gaban masu shimfiɗa tsoffin littattafai a bakin titi, za ka ci karo da tambarinsu. An rufe shirin a 1997. Kafin nan tsarin SAP na 1986 ya riga ya karya naira, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin kuma suka durƙushe, har ta kai littafin da aka rubuta a gida ma da takardar waje ake buga shi. Gurbin da aka bari shi injin fotokwafi ya cike, daga baya waya ta karɓa. Duk wanda ya san layukan shagunan fotokwafi da ke kewaye da manyan makarantunmu ya san cewa su ne maɗaba'ar da ta yaye yawancin likitoci da injiniyoyin da muke da su yau.

Indiya ta kai irin wannan magana gaban alƙali. A 2012 maɗaba'un jami'o'in Oxford da Cambridge da kamfanin Taylor & Francis suka yi ƙarar wani ƙaramin shagon fotokwafi mai suna Rameshwari da ke harabar Jami'ar Delhi, saboda yana haɗa wa ɗalibai babuka daga littattafansu. A Satumbar 2016 babbar kotun Delhi ta kori ƙarar, ta ce dokar ƙasar ta ba da damar kwafi don koyarwa. A Maris 2017 kamfanonin suka janye. Abin da ya ja hankalinmu a shari'ar shi ne marubuta da malaman jami'a da dama, ciki har da waɗanda littattafansu ake kwafa, sun tsaya a bayan ɗaliban. Hukuncin na Indiya ne, bai hau kanmu ba, kuma babuka aka kwafa a can, mu kuwa littafi sukutum muka ɗauka. Duk da haka ya nuna cewa ko a wajen masu doka, an yi haƙƙin mallaka ne domin ilimi ya yaɗu, kuma akan kai gaɓar da kare haƙƙin yake hana abin da aka yi shi dominsa.

Da wannan muka ji mun samu tudun dafawa: larura ce. Fiƙihu ya san larura, mai jin yunwar da za ta kashe shi an yarje masa abin da aka hana mai ƙoshi. Sai dai malaman da suka koya mana wannan ƙa'ida sun koya mana ƙanwarta, cewa larura gwargwadonta ake ɗauka. An ce ka ci abin da zai tsayar da rai, ba a ce ka yi guzuri ba. A nan ne muka fara jin kunya. Larurar Auta gaskiya ce. Tamu fa? Mun gama makaranta shekaru da yawa, muna da abin hannu daidai gwargwado, muna sayen data duk wata ba ma ko ciniki. Amma hannunmu ya saba. Littafin koyon sana'a da muke iya saya, sai mu fara neman na banza tukuna. Fim haka. Uzurin da muka ara muna ɗalibai har yau ba mu mayar ba.

Kuma uzurin ba ya tsayawa a kan manyan kamfanonin ƙetare, waɗanda ko ba mu biya ba ba za su kwana da yunwa ba. Masu karanta wannan mujalla sun fi mu sanin inda yake kaiwa. Marubuciya ce za ta kwana tana danna waya da babban yatsa, ta rubuta labari babi-babi, ta sa masa 'yan ɗaruruwan naira. Mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye littafin ya zaga zaurukan WhatsApp goma. Shi ya sa yanzu da wuya ka buɗe irin waɗannan littattafai ba ka ci karo da Allah ya isa tun kafin labari ya fara ba. Wadda ta fitar da shi ba ta ganin ta yi sata, a ganinta zumunci ta yi. Hujjar garwashi ce dai ita ma ta riƙe. Mun kuma ga abin da masu kwafar faifai suka yi wa kasuwar finafinan Hausa. A ɓangaren kimiyya ɓarnar ba ta da ƙara, shi ya sa ba a lura da ita. Malamin da ya koyar da kemistiri shekara ashirin, ya san daidai inda ɗaliban Arewa suke tuntuɓe, ya san misalin da zai ba su da toka da kanwa da tsamiya su gane, shi ne ya fi cancanta ya rubuta wa Auta littafi. In ya rubuta, da kuɗin aljihunsa zai buga. Zai sayar da kaɗan, sauran aji su yi fotokwafi. Ba zai sake ba, na bayansa ma ya gani ya ɗauki darasi. Sai mu dawo muna kukan cewa duk littattafanmu na waje ne, misalansu da ƙanƙara da wasannin da ba mu taɓa gani ba.

Akwai kuma wani abu da ya lalata mana ɗanɗanon biya tun muna aji ɗaya, kuma adalci ne a faɗe shi. A makarantar da wasunmu suka yi, akwai malamin da yake da handawut mai shafi talatin da 'yan kai, rabinsa daga littafin wani ya kwaso. In ka saya, wakilin aji zai rubuta lambarka a takarda. Ba a taɓa cewa wanda bai saya ba zai faɗi, ba a buƙatar a faɗa. Hukumomin makarantu da dama sun haramta wannan, amma ya iya sauya riga, yau ya zama littafi mai bango, gobe ya zama takardar aikin gida da ke maƙale a bayan littafin wadda ba a karɓar fotokwafinta. Ciniki a shari'a sai da yardar ɓangare biyu, wannan kuwa kuɗin fansa ne. Yaron da ya fara sanin sayen littafi ta wannan hanya, ya fita da fahimtar cewa duk mai neman kuɗi a kan ilimi azzalumi ne, duk wanda ya kuɓuce masa kuma ya yi wayo. Da wannan fahimtar yake zuwa kan marubuciyar WhatsApp, wadda ba ta riƙe makin kowa ba.

Bayan kwana biyu muka koma kan wayar Auta da wata niyya. Jami'ar Rice da ke Amurka tana da wani shiri mai suna OpenStax, tun 2012 suke fitar da cikakkun littattafan aji ɗaya na fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi, malamai suka rubuta, wasu malaman suka tace, gidauniyoyi suka biya kuɗin aikin, aka ce kowa ya ɗauka kyauta. Mun san da shi tuntuni. Ba mu tuna da shi a daren farko ba saboda hannu ya riga ya san wata hanyar. Abin da ban dariya, domin rayuwarmu ta sana'a kacokan a kan irin wannan kyauta take. Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991, da Python da muke cin abinci da shi kullum, masu su ne suka ce a ɗauka, a gyara, a raba. Waƙafi ne na zamani, kamar mai hali ya haƙa rijiya a bakin hanya. In ka ajiye fayil ɗin OpenStax kusa da wanda muka sauke a ɓoye, waya ba ta san bambancinsu ba, nauyinsu kusan ɗaya, dokokin Newton da ke ciki iri ɗaya. Bambancin kawai shi ne ɗaya an ce mana bismillah, ɗayan ba a ce ba. Auta ta gane wannan tun kafin mu gama bayani. Ta ce, "Wannan ai da sallama aka shiga."

Sauran kayan jerin ba sa saukuwa ta waya, dole aka shiga gari. Rigar lab ta kanti ta yi tsada, sai muka sayi farin yadi a Tudun Wada, tela ya ɗinka mata har da aljihu uku. Kalkuleta ta gado ce, tamu ce ta aji ɗaya, har yanzu sunan ɗayanmu yana bayanta da jan fenti. Akwatin kayan fiɗa suka haɗa kuɗi su uku da ƙawayenta. Ba wanda ya yi tunanin a je a ɗauko ɗaya daga cikin waɗannan a shago ba biya, ko da kuwa larurar iri ɗaya ce da ta littafi. Mun lura da wannan, muka yi shiru.

A mako na huɗu da fara karatu ta turo mana wani abu da ya sa duk muhawarar littafi ta koma ƙarama a idonmu. Wata 'yar aji uku ce ta tura mata, cikin kyautatawa: rahotannin furaktikal na shekarun baya, an cike kowane jadawali, an zana kowane giraf, an fitar da amsa. Ta ce kowa da shi yake amfani. Dalilin ma a fili yake, duk wanda ya yi aji ɗaya na kimiyya a jami'ar gwamnati ya san shi. Ɗalibai sun fi kayan aiki yawa nesa ba kusa ba. Rukuni guda zai kewaye bututun awo ɗaya, mutum biyu ne za su taɓa shi, na baya ko launin ruwan ba su gani ba lokacin da ya juya. Lokaci ya ƙare, wani rukunin yana bakin ƙofa. Gobe kuma ana son rahoto.

Wannan kwafin ba shi da mai ƙara. Babu marubucin da aka tauye, mai rahoton ma da hannunta ta bayar. In da ma'aunin haƙƙin mallaka kaɗai muke aunawa, halal ne tsantsa. Amma a duba abin da ake yi a ciki. Ɗaliba za ta rubuta a jadawali cewa ta karanta 24.50 a jikin bututu, alhali idonta bai ga komai ba, ta sa hannu a ƙasa. Shaidar zur ke nan, ko da a kan ruwan gishiri aka yi ta. Akwai ma wadda ta fi wannan laushi, wadda mu kanmu mun yi. An ba mu zare da ɗan ƙarfe mu auna ƙarfin janyowar ƙasa. Littafi ya ce 9.8. Mu muka samu 9.3. Maimakon mu rubuta 9.3 mu nemi dalili, ko zaren ne ba mu auna daidai ba, ko yatsanmu ne ya makara a kan agogo, sai muka koma baya muka gyara lokutan har amsa ta zo 9.79, muka ci maki mai kyau. Abin da aka kawo mu ɗakin mu koya shi ne yadda mutum zai faɗi abin da ya gani ko da ya saɓa wa littafi. Mun fita mun koyi akasinsa, da farar riga a jikinmu.

Kuma 'yan aji ɗayan nan ba a aji ɗaya za su tabbata ba. Cikinsu ne mai gwajin jini zai fito, da mai haɗa magani, da wanda zai auna ƙarfin kankaren gada, da wadda za ta ce ruwan rijiyar burtsatse ya dace a sha. Ranar da aka kawo masa jinin yaro mai zazzaɓi ana gab da tashi, na'ura tana gardama, hannun da ya saba cike jadawali da abin da ya kamata a gani ba zai yi wahalar rubuta sakamako ba. Mai haƙƙin yana nan ashe. Ba a haife shi ba tukuna lokacin da ake kwafar rahoton, shi ya sa ba ya cikin lissafin kowa.

Muka kira ta. Muka ce, "Auta, littafi ki karanta ko na waye, wannan kuwa ki goge shi. In ba ki taɓa bututu ba, ki karɓi lambobin rukuninku na ranar, ki rubuta cewa na rukuni ne. In amsa ta karkace, ki bar ta a karkace ki faɗi dalili."

Ta ce, "Yaya, za a rage mini maki fa. Masu kwafa za su fi ni."

Muka ce mai yiwuwa ne. Ba mu da abin da za mu ƙara mata a kan haka, kuma mun ji nauyin cewa muna ɗora mata abin da mu ba mu ɗauka ba a zamaninmu. Ta yi shiru a waya har muka zaci layin ne ya yanke, sannan ta ce to.

Maganar littattafan kuwa ga yadda ta kasance. Manuwal uku an saye su. Akwai littafin kemistiri na wani marubuci ɗan ƙasar nan, shi muka haɗa kuɗi mu yayye muka sayi na asali, bayan mun sha fama wajen bambance shi da na jabu, domin na jabun ma a shago yake, da bango mai sheƙi, kuma wanda ya buga shi riba yake ci da guminsa na wani. Bayoloji da lissafi OpenStax ya wadatar, muka goge waɗanda muka fara saukewa. Saura ɗaya, babban littafin fiziks mai suna University Physics. Malaminsu daga cikinsa yake ba da aikin gida da lambar shafi, kwafen da ke ɗakin karatu ba sa isa, farashinsa kuma ya fi ƙarfinmu a bana. Yana nan a wayarta, ba a biya ba.

Da ta zo hutun tsakiyar zango aka sake tayar da zancen a gaban Baba. Ya saurari duka, da Indiya da Kuwait da farashin dala, bai katse kowa ba. Da aka gama ya shiga ɗaki ya fito da tsohon littafin da yake rubuta basussuka, na taki da na 'yan ƙwadago da na mai injin huɗa. Ya miƙa wa Auta da biro.

"Rubuta sunan mai shi."

Muka ce abin da wuya. Francis Sears da Mark Zemansky ne suka fara rubuta shi a 1949, duk sun rasu. Hugh Young da ya ci gaba da shi ya rasu a 2013. Yanzu Roger Freedman ne a kai, sai kuma kamfanin da ke bugawa.

"Ba su da magada?"

Muka ce akwai dai.

"To rubuta su duka."

Ta rubuta sunaye huɗu a ƙarƙashin bashin taki, tana duba wayar don kar ta kuskure harafi. Da ta zo gurbin kuɗi ta ɗago ta dube mu. Muka ce ya danganta da ranar da za a biya, da kuma inda dala take a ranar. Baba ya ce a bar wurin haka nan, ya karɓi littafinsa ya mayar ɗaki.